Katakon Da Aka Raina Ya Shiga Falon Masu Kuɗi

Daga Wakilinmu na Arewa

Cikin watan Janairu na 2019 wani kamfanin gwanjo mai suna Sotheby's ya sayar da waɗansu falankan katako guda 248 a kan dala 800,000. Kowanne tsawonsa bai kai kamu biyu ba, ko taya babu a jikinsu, sai zane-zane. Falankan nan kuwa ba kome ba ne illa abin da Turawa ke kira siketbod, watau allon zamiya, katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da yara ke tsayawa a kai suna sulalewa bisa kwalta. Yadda aka yi abin wasan yara ya kai wannan daraja labari ne da ya kamata jama'armu mazauna Ikko da Badun su ji, domin ƙarshensa yana ƙofar gidanmu.

Asalin abin daga jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka ne, wajen shekarun 1950. Samarin da ke hawan igiyar ruwan teku a kan dogon allo su ne suka ɗaukaka shi. Ran da teku ta kwanta ba igiya, sai su ɓalle tayoyin ƙarfe daga takalmin taya, su buga su a jikin guntun katako, su hau titi. Babu bambanci da yadda yaranmu ke haɗa motar kara ko ta langa-langa da abin da suka tsinta.

Ba a jima ba 'yan kasuwa suka shinshino kuɗi, kamfanoni suka shiga ƙera shi. Cikin 1964 mawaƙan nan biyu, Jan da Dean, suka yi masa waƙa. Ran 14 ga watan Mayu na 1965 mujallar Life ta buga hoton wata budurwa, Patti McGee, a bangonta, ta dafa allon da hannu biyu, ƙafafu a sama, yana gudu da ita. A shekarar nan kuma aka yi wani gajeren fim mai suna Skaterdater, wanda ba a magana a cikinsa ko kalma ɗaya. Labarin wani yaro ne da ya bar abokan zamiyarsa saboda wata yarinya mai keke. Fim ɗin ya ci babbar lambar gajerun finafinai a bikin birnin Kan na ƙasar Faransa cikin 1966.

Amma fa tayoyin zamanin na ƙarfe ne ko na yumɓu, ƙanƙanin tsakuwa sai ta tsai da su cak, yaro ya kifa. Karaya ta yi yawa, likitoci suka yi ta gargaɗi, garuruwa da dama suka hana hawansa a titi, kasuwarsa ta faɗi warwas. Sai wajen 1972 wani saurayi, Frank Nasworthy, ya fito da tayar wata irin roba mai kama ƙasa, abin ya farfaɗo. Da fari ya auka wa Kalifoniya cikin 1976 da 1977, tafkunan wanka na siminti da ke gidajen masu hali suka zauna ba ruwa. Yaran unguwannin talakawa, irin su Tony Alva da Jay Adams, suka riƙa tsallaka katanga suna zamiya a cikinsu, 'yan sanda na korarsu. Ƙasar Norwe kuwa ba ta tsaya wata-wata ba: daga 1978 har zuwa 1989 laifi ne a sayar da allon nan ko a hau shi, sai a daji samari ke ɓuya su yi wasansu.

To, jama'a, wannan baƙin jini shi ne ya zame masa jari. Mai talla da mai shirya fim duk suka gane cewa in ana so a nuna yaro mai ƙiriniya amma mai shiga rai, a ba shi allon zamiya kawai. Cikin 1985 aka yi fim ɗin Back to the Future, inda wani saurayi ya koma baya zuwa shekarar 1955. Da 'yan iska suka biyo shi, sai ya karɓe keken katako na wani yaro, ya ɓalle akwatin da ke gabansa, ya hau falankin ya tsere, mutanen gari suka saki baki. Dattawan da suka yi irin wannan wasa da ƙuruciya suka ga kansu a majigi, 'ya'yansu kuwa suka fita neman allo. A kashi na biyu, na 1989, an nuna wai in 2015 ta zo allon zai riƙa tashi sama ba taya. A shekarar 1989 ɗin kuma aka soma shirin zanen nan na talabijin, The Simpsons, wanda yaron gidan, Bart, ba ya rabuwa da allonsa.

Abin dariya, da 2015 ta zo da gaske, sai kamfanin motocin Lexus ya ƙera allo mai tashi don talla. Ya tashi kuwa, amma sai a wani fili guda da aka gina kusa da Basalona ta ƙasar Sifen, inda aka binne maganaɗisu a ƙarƙashi. In an kai shi wani wuri, katako ne kawai. A shekarar nan ne kuma wani kare mai suna Otto, a birnin Lima na ƙasar Peru, ya hau allo ya ratsa ta ƙarƙashin ƙafafun mutum 30, aka sa shi cikin kundin bajinta na Guinness.

Masu zane su ma ba a bar su a baya ba. Hoton nan na shuɗin hannu mai baki yana ihu, wanda Jim Phillips ya zana wa kamfanin Santa Cruz cikin 1985, har yanzu ana buga shi a riguna. Kantin Supreme, wanda aka buɗe a birnin Niyok cikin 1994, ya riƙa gayyatar mashahuran masu zane irin su Damien Hirst da Jeff Koons su ƙawata masa alluna. Allunan wannan kanti ne aka yi gwanjonsu a kan kuɗin da muka ambata. Daga bisani wasan ya shiga gasar Olimfik ta Tokiyo, wadda aka yi cikin 2021, wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci zinariya.

Yanzu sai mu dawo gida. Duk wanda ke bin titunan Ikko ya san wannan katako, ko da bai san sunansa ba. Shi ne wanda 'yan'uwanmu da shan inna ta naƙasa suke zama a kai, silifa a hannu, suna tura kansu tsakanin motoci, da yawansu kuma Hausa suke ji. Kafinta da boris huɗu sun isa a haɗa shi. A Amurka abin nishaɗi ne, a nan ƙafa ce. Ba kuma bara kaɗai ake yi da shi ba. Cikin 1988 Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma cutar ta taɓa, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, inda 'yan wasa ke gudu bisa irin wannan allo suna bugun ƙwallo da hannu. Wasan ya bazu a jihohi, har ana shirya masa gasa. Cikin watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, amma waɗanda ta riga ta kama suna nan tare da mu.

Turawa sun kori yaransu daga titi, daga baya suka dawo suna sayen allunansu da tsada suna ratayewa a bango. Namu masu allon ba su nemi a rataye su a bango ba. Filin wasa suke bukata, da riguna, da 'yan kallo, da sana'ar da za ta raba su da tsakiyar titi. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, da attajiranmu na kara da kasuwa, wannan bai fi ƙarfinku ba. Allah ya sa a duba.