Muciya a Hannun Ɗalibi

Duk gidan da ake tuƙa tuwo an san ba da baki ake koya wa yarinya tuƙi ba. Uwa za ta iya yini tana bayanin talge, amma koyo ba ya farawa sai ranar da ta miƙa wa 'yarta muciya, tururi ya daki fuskarta, damtsenta ya gaji. Tuwon farko da gudaji yake fitowa, kuma a haka ake cinye shi. Haka nake kallon ajin koyon magana a gaban jama'a. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga malami ya cinye rabin zangon karatu yana cika allo da ƙa'idoji, ɗalibai na kwafa, ba wanda ya taɓa miƙewa ya buɗe baki.

Ba raina ƙa'ida nake yi ba. Sama da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotle na ƙasar Girka ya nuna cewa abu uku ke sa magana ta shiga: mutuncin mai yin ta, hujjar da ya kawo, da yadda ya taɓa zuciyar mai sauraro. Amma wannan darasin rana guda ne. Dale Carnegie, wanda ya fara koyar da fannin a Amurka a 1912, abin da ya tanada ya ƙare masa tun a zaman farko, sai ya sa ɗalibansa su tashi su yi magana a kan abin da ke ba su haushi. Nan take bakuna suka buɗe. Ƙungiyar Toastmasters ma, da aka kafa a Kalifoniya a 1924, jawabin farko da take ba sabon shiga na minti 4 zuwa 6 ne, kuma a kan kansa zai yi magana. A ƙaramar tukunya ake fara koyo.

Babban ciwon sabon mai jawabi shi ne juye gari gaba ɗaya. Duk abin da ya sani yana so ya amayar a minti biyu, yana sauri kamar ana korarsa, maganar ta dunƙule, mai sauraro ya rasa ta inda zai kama. Sai malami ya nuna masa talge tukuna: ɗan labari ko tambaya da za ta shirya kunnen jama'a. Sannan hujja ta biyo kaɗan-kaɗan, ana zubawa ana tuƙawa. Akwai kuma lokacin da ake rufe tukunya a bar tuwo ya turara, wato ɗan shirun da ke bin magana mai nauyi. Wannan shirun shi ɗalibai suka fi tsoro, suna ganin kamar maganar ce ta ɓace musu, alhali a cikinsa ne zance ke zama a zuciya. Daga nan sai a kwashe malmala-malmala, batu biyu ko uku, kowanne da iyakarsa.

Wajen gyara kuwa, uwa mai hankali ba ta kushe tuwon 'yarta a gaban baƙi. Ta yaba abu ɗaya, ta gyara abu ɗaya, sauran sai gobe.

Akwai wani abu namu da littattafan waje ba su san da shi ba. Yaron da aka tarbiyyantar ya sunkuyar da kai a gaban manya, yau an ce ya kalli idon mutane. Kunyarsa ba aibu ba ce, kuma ban yarda a yi masa dariya a kanta ba. A fara sa shi magana a gaban sa'o'insa biyar ko shida, malami ya koma bayan aji. In Turanci ne ke ɗaure masa harshe, ya fara yi da Hausa, a ji ko tunanin ya tsaru, sannan a juya. Da yawan yi ake gogewa: Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda muryarsa ta ratsa zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960, malamin makaranta ne a Bauchi kafin siyasa, ya yi shekaru yana tsayuwa gaban yara kullum. Idan aji ya cika maƙil, a raba shi rukuni-rukuni, wani ya riƙe agogo, wani ya ɗauki murya a waya, ta yadda ba wanda zai fita daga aji bai yi ko da minti ɗaya a tsaye ba.