Yadda injin sassaƙa mai motsi biyar ke sa samfurin ƙarfe ya fito daidai da awo

Idan farfelar injin ban ruwa ta karye a tsakiyar noman rani a Kazaure ko Roni, manomi kan nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. In babu irinta, sai a jira kaya daga Sin, shuka kuwa ba ta jira. Ƙera irin wannan kaya a gida yana farawa ne da samfuri, wato kwafin farko da ake gwadawa kafin a zuba jari a yi dubu. In samfurin ya kauce wa awo, duk abin da aka kwafa daga gare shi zai kauce.

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara wajen fitar da samfuri cikin gaggawa. Ta farko ita ce na'urar 3D, mai jera roba ko ƙarfe hawa-hawa har siffa ta cika. Chuck Hull na Amurka ya samu rajistar mallakar ɗaya daga cikin dabarunta a 1986. Ta biyu ita ce injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa yana sassaƙa curin ƙarfe. An nuna magabacinsa a jami'ar MIT a 1952. Na'urar 3D tana da sauri, amma takan bar matakala-matakala a jikin kaya, shi ya sa sau da yawa ake ƙarasa aikin da sassaƙa.

Injin da aka saba gani yana motsi ta hanyoyi uku: hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Idan ana son sassaƙa wani gefe, dole a kwance ƙarfen, a juya shi, a sake ɗaurewa. Kowace ɗaurewa tana shigo da ɗan kuskure, kuma kurakuran taruwa suke yi. Injin mai motsi biyar yana ƙara juyi biyu, ko dai teburin ya karkata ko kan wuƙar. Da haka ana gama fukafukan farfela masu lanƙwasa a ɗauri ɗaya. Kuma tunda wuƙar tana iya kusantar ƙarfen ta kowace kusurwa, ana amfani da gajera, wadda ba ta karkarwa kamar doguwa.

Sai dai injin shi kaɗai bai wadatar ba. A ƙa'idar duniya, ana ɗaukar awon tsawo ne a kan zafin digiri 20. Sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana ƙaruwa da kusan milimita 0.012 a kowane digiri. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a arewacin Jigawa, ƙarin ya kusa rubu'in milimita, abin da ya isa ya sa farfela gogar jikin mazauninta. Saboda haka ɗakin aiki yana buƙatar sanyaya, da lantarki tsayayye, da kare injin daga ƙurar hunturu, da gwada daidaiton juyinsa a kai a kai.

Yankin yana da inda za a koyi wannan ilimi. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. A Kano kuma akwai cibiyar HEDI ta hukumar NASENI, wadda aikinta ya shafi famfuna da injinan ruwa.

Ga ɗan kasuwa mai son ba da odar kayan gyara, ko jami'in da ke kula da sayo injina, tambayoyi uku suna da amfani: sau nawa za a kwance kayan kafin a gama, a wane zafi aka auna shi, kuma wa zai gyara injin idan ya tsaya. Injin mai motsi biyar ya fi tsada kuma yana buƙatar ƙwararren mai tsara umarnin kwamfuta, don haka kaya masu sauƙin siffa gara a bar su a injin mai motsi uku.