A fito da lissafi daga aji zuwa kasuwa da fada

Tun daga shekarar 2020 ake bikin ranar lissafi ta duniya kowace 14 ga watan Maris, bayan da hukumar UNESCO ta tsai da ita a 2019. A ƙasashe da dama malamai da ɗalibai kan fita dandali a wannan rana, su shimfiɗa tebura, su gayyaci mai wucewa ya auna ko ya ƙirga da hannunsa. Dalilin zaɓen ranar ma abu ne da igiya kaɗai ke iya nunawa. Ka zagaya bakin ƙwarya da zare, sa'an nan ka auna faɗinta: zagayen zai ninka faɗin sau 3 da ɗan ƙari, wato 3,14. Ka koma bakin rijiya ko gindin rumbu, amsar ba ta sakewa. Wata na 3, rana ta 14 ke nan.

A nan Nijar kayan wannan aiki suna zube a ƙofar kowa. Yarinyar da ke tallar goro a tashar Maraɗi, in mai saye ya faɗi farashi da Faransanci, 375, nan take za ta ce dala 75, don ta raba da 5 a ka ba tare da alli ba. Kowane ɗan kasuwa ya san jaka ɗaya dala 200 ce. Amma ƙanen yarinyar nan na iya zama a lakwal yana zufa gaban wannan rabawa ɗin, saboda an kawo masa ita cikin harshen da bai gama ji ba. Makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa, waɗanda aka soma a Damagaram a 1973, don magance irin wannan aka buɗe su.

Dara ma haka take. Gurbi 30, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, burinsa ya jera 3 a layi ya cinye na abokin karawa. Dattijon da ke hango motsi huɗu gaba a gindin bedi, tunanin da ake nema a jarrabawa yake yi, sai dai ba wanda ya taɓa gaya masa. Malaman zaure kuwa sun daɗe da nusufi, sulusi, rubu'i, sudusi da tumuni wajen rabon gado. A 1732 wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai lambobi. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida 9: a zuba 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. A zana shi a ƙasa ranar kasuwa a ga yadda mutane za su taru.

Abin ya fi ƙarfin wasa. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga 50 zuwa 100 dare ɗaya, kuma wanda ya iya lissafin kayan da ke cikin shagonsa shi ya san farashin da zai sa washegari. Manomin da ke cin bashin hatsi da damina ya biya da kaka, da matar da ke zubin adashi, da mai canjin naira a Birnin Ƙonni, duk dukiyarsu a kan ƙidaya take rataye.

A ganina nauyin yana kan malaman lise da ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, musamman lokacin babban hutu da suke komawa garuruwansu. Ba sai an jira kuɗin wata ƙungiya daga waje ba. Zare, tsakuwa da tiya biyu sun isa, sai izinin sarkin kasuwa. Sharaɗi ɗaya ne: a yi bayanin da Hausa, kuma a bar ɗan kasuwa ya fara nuna tasa hanyar kafin malami ya ɗauki alli.