Lokacin Gyara a Cikin Fayil: Abin da Yake Aunawa da Abin da Ba Ya Aunawa

Duk wanda ya taɓa nazarin tsofaffin littattafan hannu, irin waɗanda aka tara a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH a Yamai, ya san al'adar magabata ta rufe littafi. Idan mai kwafe ya kai ƙarshe, sau da yawa yakan rubuta sunansa, da sunan wanda ya yi wa aikin, wani lokaci har da rana da watan da ya gama. Abin da ba ya faɗi shi ne yawan kwanakin da ya yi yana aikin. Na'urar kwamfuta kuwa takan faɗi wannan, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba, kuma a nan ne masu tsara ayyukan yaƙi da jahilci suke iya ruɗuwa.

Kowace takarda da aka buga da Microsoft Word ko LibreOffice tana ɗauke da wasu bayanai waɗanda ba su fitowa a shafi, za mu kira su bayanan rakiya. Tun daga fitowar Word ta 2007, fayil mai ƙarewa da docx a haƙiƙa ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda. A ɗaya daga cikinsu, mai suna core.xml, akan sami sunan marubuci, da na wanda ya yi gyaran ƙarshe, da ranar farawa da ta gyara. A wani kuma, app.xml, akwai gurbi mai suna TotalTime, inda ake rubuta jimlar lokacin gyara a mintoci. LibreOffice yana ajiye nasa a meta.xml, da siga kamar PT3H20M, wato awa 3 da minti 20, tare da adadin sau nawa aka adana fayil ɗin.

To, mene ne wannan lamba take ƙirgawa? Lokacin da fayil ya yi a buɗe ne, ba lokacin da mutum ya yi yana tunani ko rubutu ba. Wanda ya bar takarda a buɗe ya tafi sallar azahar, ya ci abinci, ya dawo ya adana, lambarsa za ta iya hauhawa ba tare da ya ƙara ko harafi ɗaya ba. Wanda kuma ya kwafo rubutu daga wani wuri ya liƙa a sabon fayil, sai a ga shafi 40 cikin minti 5. Har ila yau, idan aka kwafi rahoton bara aka share abin da ke ciki aka zuba sabo, tsohuwar lamba tana biye da shi.

Mu ɗauki misali daga ƙasar Adar. A ce malamin karatun manya a Allakaye ya yi damina guda yana tattara kalmomin noma da na aikin gyaran ƙasa daga bakin tsofaffi, yana rubutawa a littafin makaranta, yana tantance abin da zai bari da karin Adar da abin da zai mayar daidaitacciyar Hausa. Da ya gama sai ya kai Buza ko Madawa, inda wani mai na'ura ya buga masa cikin yini ɗaya. Fayil ɗin da zai isa Tawa zai nuna wataƙila minti 300, da sunan mai na'ura a gurbin marubuci. Watanni ukun malamin ba su bar alama ba ko kaɗan. Wani ɓangare ma na mintocin nan an ɓata shi ne wajen neman ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin ƙa'idojin rubutun Hausa na Nijar na 1999 sun tanade su, amma allon haruffan Faransanci da ake amfani da shi a ofisoshinmu ba shi da su. Wannan kaɗai batu ne da ya cancanci nazari na musamman.

Saboda haka, a ganinmu kuskure ne babba a ɗauki wannan lamba a matsayin ma'aunin ladan mai fassara ko marubucin littafin koyon karatu, balle a tuhume shi da satar rubutu don ta yi ƙanƙanta. Ba ta ma da ƙarfin zama shaida, gama duk wanda ya kwance ƙunshin fayil yana iya canza ta da hannu, kuma a LibreOffice akwai maɓallin da ke mayar da ita sifiri.

Amfaninta yana wajen mai bincike da ya tarar da kwafi uku ko huɗu na littafi guda, bai san wanne ya riga wanne ba. Idan duk daga fayil ɗaya suka fito, wanda jimlarsa da adadin adanawarsa suka fi yawa shi ne galibi na baya, sai a gwada da ranakun gyara a tabbatar. Kafin a rarraba fayil ga jama'a kuwa, ya kamata cibiya ta ajiye kwafi guda da bayanansa cikakku a ma'adanarta, ta share sunaye daga wanda zai fita, sa'an nan ta rubuta sunan marubuci, da garinsa, da watannin da ya yi yana aiki a shafin farko, inda kowa zai gani.