Mai Lagireto: Sana'ar Bin Sawun Ɗigon Ruwa

A layin makanikai, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Fanteka a Kaduna, akwai rumfar da ake ganewa tun daga nesa. Lagiretoci ne jingine da bango, wasu har sun yi kore don tsufa, ga rabin duro cike da ruwa a bakin ƙofa, ga tukunyar walda a gefe. Mai wannan rumfa ba ya kwance inji, ba ruwansa da giya ko birki. Aikinsa ɗaya ne: ya gano inda ruwa ke tsiyaya daga mota, ya toshe. Direbobi kan zo masa da magana iri ɗaya: "Malam, motar nan shan ruwa take yi."

Mota kuwa ba ta shan ruwa. Hanyar ruwanta a rufe take ruf. Famfo ne ke tura shi ya zagaya cikin inji ya kwaso zafi, ya bi tiyon sama ya shiga lagireto, iska da fanka su huce shi, ya koma ta tiyon ƙasa. Inji mai lafiya yana aiki ne a kusan digiri 90 a ma'aunin Salshiyos. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana riƙe matsi a ciki, ta yadda ruwan ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. Shi ya sa ƙaramar ɓula ke da ɓarna biyu: ruwa na raguwa, matsin da ke hana shi tafasa kuma yana zurarewa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, irin wannan mota ba ta nisa take tsayawa a gefen titi tana huci.

Gwanintar mai lagireto tana cikin haƙurinsa. Zai ciro lagireton, ya toshe bakunansa, ya hura masa iska, ya nutsa shi cikin duron nan, ya zuba ido. Inda ƙananan kumfa suka fara tasowa a jere, nan ɓular take, ko da ba ta kai bakin allura ba. Sai ya yi mata alama, ya kankare wurin har ƙarfen ya yi haske, domin dalma ba ta kama datti. A zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Fijo a 1975, lagireto na jan ƙarfe da tagulla ne. Ana narkar da dalmar da ta riƙe kansa, a cire, a bi 'yan siraran bututun ɗaya bayan ɗaya da waya mai faɗi a fitar da tsatsa, a mayar a liƙe. Lagireto ɗaya kan sha gyara sau da yawa yana ci gaba da aiki.

Motocin yau sun sauya wa sana'ar fuska. Corolla, Golf, Sharon da sauran na Kwatano suna zuwa da lagireto na alminiyom mai kai na roba, wanda aka danne da 'yan haƙoran ƙarfe a kan zoben roba. Dalmar da aka saba da ita ba ta kama alminiyom yadda take kama jan ƙarfe, roba kuma idan ta sha zafi shekara da shekaru takan bushe ta tsage. Sai masu sana'ar suka koyi buɗe haƙoran nan a hankali su sauya kan ko zoben, suka koyi aiki da gam mai haɗi biyu irin Araldite. A nan ake gane mai amana. Gam a kan tsagaggiyar roba jinkiri ne kawai, kuma mai lagireto na ƙwarai zai faɗa maka ka sayi sabo, ko da hakan na nufin ya rasa kuɗin aikin ranar.

Ba kowane ɗigo ne sai an kai rumfa ba. Mai mota na iya yin rabin aikin a gida, muddin ya bar injin ya huce sarai. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan kan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da daddare, da safe a duba inda ya jiƙe. Ruwan sanyaya inji na kanti yana da launi, kore ko ja ko ruwan hoda, yana kuma barin farin busasshen tabo a inda yake fita. A matsa tiyo da hannu: idan ya kumbura, ko ya yi laushi fiye da kima, ko ya tsattsage a bakinsa, ya gama aiki. Sau da yawa ma kilif ɗin da ya ɗaure shi ne ya saki, sukundireba kaɗai zai magance. A duba robar da ke cikin murfi, domin murfi na cikin kayan da suka fi araha, kuma shi aka fi mantawa. Wanda ya sauya tiyo ya cika ruwa a hankali, ya tada injin, ya jira iskar da ta maƙale ta fita har fanka ta tashi, sannan bayan ya huce ya sake duba ruwan ya ƙara. Ragowar ruwan sanyaya injin da aka zubar a kawar da ita daga inda yara da dabbobi suke, don tana da zaƙi kuma guba ce mai lalata ƙoda.

Abin da ke ɓata wa masu wannan sana'a rai shi ne dabarun kan hanya. Wani ya fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, wani ya zuba garin barkono, wani ya cusa sabulu. Ɗigon kan tsaya na ɗan lokaci, amma abin da ya toshe ɓula shi ne zai toshe bututun da ruwa ke bi. Haka ruwan rijiya da na burtsatse: gishirin ƙasa da ke cikinsu yana daskarewa a bututu kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, ga tsatsa da ruwa zalla ke jawowa. Na fi jin takaicin al'adar cire tamostat da zarar mota ta iso, wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Shi ne ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da ya dace. Idan babu shi inji kan daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ainihin cutar kuma tana nan ba a taɓa ta ba.

Akwai inda hannun mai gida ya kamata ya tsaya. Idan ɗigon daga ƙasan famfon ruwa yake, famfon ne ya mutu. Idan ruwa na raguwa ba a ga ɗigo ba, salansa na fitar da farin hayaƙi, man inji ya koma fari-fari, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto ba tsayawa, to gasket ɗin kan inji ya ƙone. Wannan aikin bakanike ne, kuma mai lagireto da kansa zai tura ka can.

Yaran da ke koyo a rumfunan nan suna farawa da wanki da ɗauraya, su daɗe kafin maigida ya miƙa musu wuta. Suna shaƙar hayaƙin dalma, yawancinsu ba takunkumi ba tabarau, kuma dalma tana taruwa a jiki ta illata ƙwaƙwalwa da jini. Iyayen gidan sana'a su sama wa yaran nan abin rufe hanci da ido, su sa su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Kai kuma mai mota, idan ka ga kullum da safe sai ka ƙara ruwa, ajiye jarkar ka nemi inda yake fita tun gyaran bai wuce kuɗin tiyo ba.