Sifirin baya: ƙarfen da ke ɗauke da dukiyar ɗan kasuwa

Ranar Litinin da ranar Juma'a, da kasuwar Maraɗi ke ci, tun asuba motoci ke kwararowa daga Tibiri da Jiratawa, shaƙe da buhunan hatsi da kayan lambu. Mai lura zai ga bayan wasu ya durƙusa kamar raƙumin da aka yi wa labtu. Nauyin nan duka bisa sifirin baya ya hau, wanda makanikai ke kuma kira lam.

Dabarar tsohuwa ce. A 1804 Obadiah Elliott ya yi rajistar irinta a Ingila domin kekunan doki, kuma ita ce a bayan Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, da Toyota Hilux, da manyan kamyo.

Sifirin tarin fallayen ƙarfe ne masu lanƙwasa kamar baka, an jera su daga dogo zuwa gajere, ƙusa guda ta tsakiya ta haɗe su. Falle mafi tsawo shi ne uwa. Bakinsa na gaba kafe yake a shasi, na baya kuwa rataye yake a wani ɗan ƙarfe mai lilo, domin idan taya ta daki tudu sai bakan ya miƙe, tsawonsa ya ƙaru. Wasu ƙarafa masu siffar U ke ɗaure tarin da ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya. Saboda haka aikinsa biyu ne: yana shanye girgiza, yana kuma riƙe tayoyi a mazauninsu. In ƙusar tsakiya ta karye, sai su goce, mota ta dinga tafiya a karkace.

Wasu masu mota kan ƙara falle biyu ko ukku don su ƙara lodi. Bayan mota kan ɗaga, amma birki da tayoyi da shasi ƙarfinsu bai ƙaru ba. Wasu kuma kan yi wa fallen da ya karye walda, alhali zafin wuta yana kashe taurin ƙarfen, sai ya sake karyewa a kan hanya.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke shirin sayen mota ya duƙa ya duba: bakan ya kwanta? Akwai tsagewa ko alamar walda? Fallen da ya karye wurinsa maƙera, inda ake mai da shi fartanya ko gatari.