Yadda ake raba yara masu laifi da zuwa kotu a Ingila

A Ingila da Wales, da zarar yaro ya cika shekara 10 doka na iya kama shi da laifi. Sai dai ba kowane yaron da ya shiga hannun 'yan sanda ne ke gurfana a gaban alƙali ba, domin an tanadi hanyoyin gyara masa hali tun kafin maganar ta kai kotu.

Me ya sa ake kauce wa kotu?

Hukuncin kotu tabo ne da kan bi mutum har girma, ya tare masa hanyar samun aiki ko bizar wasu ƙasashe. Wani bincike na Jami'ar Edinburgh da ya bi rayuwar yara kimanin 4,300 tun daga 1998 ya gano cewa yaron da aka kutsa da shi cikin harkar shari'a ya fi wuyar barin laifi.

Wane mataki ake ɗauka?

Dokar 1998 ce ta kafa kwamitocin kula da yara masu laifi a ƙananan hukumomi, waɗanda suka haɗa 'yan sanda da jami'an jin daɗin jama'a da na ilimi da na lafiya.

Idan laifin ƙarami ne, kamar ɗauke kaya a kanti, ana iya yin sulhu: yaro ya nemi gafara ko ya biya abin da ya ɓata. Wannan ba hukunci ba ne, kodayake 'yan sandan yankin kan adana bayaninsa.

Mataki na gaba shi ne gargaɗi a hukumance, wanda ya fara aiki a 2013. Wani lokaci yakan zo da sharuɗɗa, kuma saɓa musu na iya kai yaro kotu. Gargaɗin na shiga kundin 'yan sanda, amma tun daga Nuwamban 2020 aka daina sanya shi kai tsaye a takardar binciken masu neman aiki.

Yaran da ke samun gargaɗi ko hukunci a karon farko sun ragu daga sama da 100,000 a 2007 zuwa ƙasa da 10,000 a 'yan shekarun nan.

Ina gizo ke saƙa?

Ba a yi wa yaro gargaɗi sai ya amsa laifinsa. Rahoton da ɗan majalisa David Lammy ya fitar a 2017 ya nuna cewa baƙar fata da sauran tsiraru sun fi ƙin amsa laifi saboda rashin amincewa da hukuma, abin da kan rufe musu wannan ƙofa.

Rahoton ya ba da shawarar a yi koyi da wani gwaji da aka yi a Birmingham, inda ake jingine tuhuma idan wanda ake zargi ya yarda ya bi shirin gyaran hali. A 2019 aka ba 'yan sanda damar rufe ƙara ta irin wannan hanya ko da ba a amsa laifi ba, sai dai ba duk rundunoni ke amfani da ita daidai wa daida ba.

Me ya kamata iyaye su sani?

Duk wanda bai kai shekara 18 ba yana da haƙƙin a yi masa tambayoyi a gaban wani babba, galibi mahaifi ko mahaifiya, kuma ya samu lauya kyauta a ofishin 'yan sanda. Abin da yaro ya faɗa a wannan zama na farko ne kan nuna ko maganar za ta tsaya a nan ko za ta wuce kotu.